DOLO KO MISKILI? TARIHIN WAƊANDA AKE ƊORA WA LAIFI A WURIN AIKI

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ko da yake maganar daga cikin littattafanmu ta taso. Duk wanda ya daɗe yana karanta littattafan Hausa ya san miskili, wato saurayin nan kyakkyawa mai kuɗi wanda ba ya son hayaniya, ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa sai dai ya gyaɗa kai, komai nasa a tsare yake, idan kuwa aka kuskura aka sauya wa bironsa wuri to ranar gidan ba zaman lafiya. Masu karatu, musamman mata, suna mutuwar son irin wannan jarumi. To amma ka kwashi waɗannan halayen, ka cire kuɗin da motar, ka liƙa su a jikin yaron shago ko masinjan ofis, nan take za ka ji sunansa ya canza. Ya zama dolo, ko gaula, ko mai girman kan tsiya, ko marar tarbiyya.

Ba kowane miskili ne yake da lalura ba, wani halinsa ne kawai. Sai dai a cikin waɗanda muke kira da waɗannan sunaye akwai mutanen da haka Allah Ya halicci ƙwaƙwalwarsu, yanayin da likitoci suke kira otizim, gidajen rediyo kuma suka fi ce masa galahanga. Tarihin waɗannan bayin Allah nake son mu bi yau, musamman abin da suke gamuwa da shi a wurin neman abinci.

MENE NE ABIN?

Otizim ba hauka ba ne, kuma ba a ɗaukar sa daga wani. Da shi ake haihuwar mutum, da shi yake girma, da shi yake tsufa. Alamominsa sun taru a wuri biyu. Na farko shi ne mu'amala: mai shi yana shan wahala wajen karanta fuska, da gane habaici, da sanin lokacin da ya kamata ya yi magana ko ya kama bakinsa. Na biyu shi ne son tsari da maimaici: yana son abu ya tafi yau yadda ya tafi jiya, yana iya ƙwallafa rai a kan abu ɗaya har ya san shi ciki da waje, sannan ƙara ko haske ko wari da kai ba ka ma lura da su ba, shi suna iya zame masa azaba. Abin kuma mataki-mataki ne. Akwai wanda ba ya magana sam, yana buƙatar mai kula da shi har ƙarshen rayuwarsa, akwai kuma wanda ya yi digiri ya yi aure, ba mai gane komai sai wanda ya zauna da shi. Kalmar galahanga ta fi kai tunanin Bahaushe ga na farkon, shi ya sa na biyun yake ɓacewa a cikin jama'a, ana yi masa hukunci da ma'aunin da ba nasa ba.

ZAMANIN SANA'AR GADO

A ƙasar Hausa ta dā, mai nakasar da ido ke gani yana da matsayi sananne. A manyan masarautunmu akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Kutare, akwai Sarkin Guragu, kowanne da jama'arsa da kuma bakin da zai kai kukansu fada. Amma wanda lalurarsa take ɓoye a cikin kai, hannu lafiya ƙafa lafiya, ba shi da sarki, ba shi da unguwa. Sunan da jama'a suka ga damar ba shi, shi ne nasa. Idan yaro ne da ya kasa magana yana ta kaɗa jiki, sai a ce ɗan ruwa ne, ko aljanu sun musanya shi. Idan ya tashi da son kaɗaici da yawan ibada, wataƙila ya dace a ce masa waliyyi. Idan kuwa ya faye faɗin abin da bai kamata a faɗa ba a gaban manya, to ya zama wawan gari, yara na bin sa.

Ba wanda yake da ikon ya nuna kabarin wani ya ce mai wannan otizim gare shi. Abin da za mu iya dubawa shi ne yadda aikin kansa yake a wancan zamani. Sana'a gado ce. Sunayen unguwanni irin su Marina da Majema da Maƙera da Dukawa, waɗanda ake samu a tsofaffin biranenmu, sun isa shaida. Yaro a gaban ubansa ko baffansa yake koyon aiki, da kallo da maimaici, shekara da shekaru. Masaƙi zai wuni a bakin masaƙa ba tare da ya yi wa kowa magana ba. Mai ɗinkin hula, da mai aikin babbar riga, da mai rubuta Alƙur'ani da hannu, da makiyayin da ya san kowace saniya da kamanninta, duk aikinsu yana son mutum mai naci wanda maimaici ba ya gundurar sa. Ciniki da iya baki kuma akwai dillali, ko wani ɗan'uwa mai surutu da zai kai kaya kasuwa. Wanda ya ba ka aikin ya san ka tun kana cikin zanen goyo, ya san abin da ke tayar maka da hankali. Ana iya yi maka dariya, ana iya yi maka duka ma, amma ba a korar mutum daga gadon gidansu don bai iya gaisuwa ba.

DA OFIS YA ZO

Turawa sun shigo Katsina a 1903. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gado a 1906 ya rasu a 1944, aka kafa Baitulmali da ofisoshin En'e, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, sai ga sabon nau'in ma'aikaci ya bayyana: akawu, da malamin haraji, da masinja, masu jiran albashi a ƙarshen wata. Daga baya masaƙun Kaduna da Funtuwa da kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina suka ɗebi matasa daga gonaki da zaurukan sana'a. An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, ita kuma Ɓatagarawa tamu ta zama ƙaramar hukuma a 1991. Yau wanda ya biyo hanyar Dutsin-ma zai ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Jami'ar Al-Qalam, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga kantuna da shagunan buga takardu da gidajen mai sun yi musu ƙawanya. Gonakin jiya sun koma wuraren aikin albashi.

Wannan ci gaba ne, ba musu. Sai dai ya zo da wasu ƙofofi da dā babu su. Kafin ka samu aiki sai ka zauna gaban baƙin da ba su taɓa ganin ka ba, su yanke maka hukunci cikin minti goma, wai intabiyu. Bayan ka samu, sai ka iya zama da oga, ka san ranar da ake shiga ofishinsa da ranar da ake kauce masa, ka san maganar da ake rubutawa a fayil da wadda ake binnewa. Ba a rubuta waɗannan dokoki a ko'ina ba, amma wanda ya taka su shi ke shan kwiri. Mai otizim kuwa dokar da aka rubuta ita ya fi kowa bi, wadda ba a rubuta ba ita ce ba ya gani.

YADDA LIKITOCI SUKA GANO

Ita kalmar otizim wani likita ne ɗan Siwizalan mai suna Eugen Bleuler ya ƙirƙiro ta a 1911, daga kalmar Girkanci mai nufin "kai", amma shi wata cutar daban yake bayani. Wadda ta fara siffanta yaran yadda muka san su yau mace ce, Grunya Sukhareva, likitar yara a birnin Mosko, wadda ta rubuta bayanin wasu yara maza 6 a 1925. Duniya ba ta waiwayi aikinta ba sai bayan shekara kusan 70. A 1943 Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya fitar da bayanin yara 11, a 1944 kuma Hans Asperger na birnin Biyana ya fitar da nasa a kan yara 4. Shi Asperger sunansa ya zube daga baya, domin binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna ya haɗa kai da gwamnatin Hitila, har ya tura wasu yara nakasassu asibitin da ake kashe irinsu.

Yaro na farko a jerin Kanner shi ne Donald Triplett, ɗan wani ƙaramin gari mai suna Forest a Jihar Misisifi, an haife shi a 1933. Yana da shekara 3 aka shawarci iyayensa su ajiye shi a gidan kula da yara, suka ajiye shi, bayan kamar shekara ɗaya zuciya ta ƙi, suka je suka ɗauko abinsu. Da ya ɗan tasa sai aka kai shi riƙo wurin wani manomi da matarsa. Waɗannan mutanen ba likitoci ba ne, amma sun yi abin da likitoci da yawa suka kasa. Sun ga yaron ba abin da yake so irin ƙirga da awo, maimakon su hana shi sai suka sa shi haƙa rijiya yana faɗa musu zurfinta, suka ba shi garma yana huɗa yana ƙirga kunyoyin masara. Donald ya gama jami'a a 1958, ya kama aiki a bankin garinsu wanda dangin mahaifiyarsa suka kafa, ya yi kusan shekara 65 a can, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Da Kanner ya sake bibiyar yaran nan a 1971, ya tarar da Donald a banki, wani kuma yana aikin injin kwafin takardu a ofishin gwamnati, amma waɗanda aka kulle a manyan asibitocin gwamnati sun lalace, har ɗan abin da suka iya ya zube. Mai karatu zai lura cewa abin da ya tserar da Donald shi ne abin da ke cikin tsohuwar sana'armu ta gado: aiki a hannun wanda ya san ka.

NEMAN WANDA ZA A ƊORA WA

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tun da aka sa wa abin suna aka shiga neman mai laifi, kuma uwa aka fara kamawa. Likitocin Amurka suka ce sanyin zuciyar uwa ne ke jawo shi, har suka yi musu laƙabi da iyaye masu kama da firji. Wanda ya fi kowa yaɗa wannan magana shi ne Bruno Bettelheim na Chikago, a littafinsa na 1967. Mata da yawa sun tafi kabari suna ganin su suka cuci 'ya'yansu. Iyaye ne da kansu suka tashi suka kwance wannan ƙulli. Bernard Rimland, wanda ɗansa yake da lalurar, ya rubuta littafi a 1964 yana kafa hujjar cewa abin daga halittar ƙwaƙwalwa yake. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka binciki tagwaye 21 a Ingila, suka ga tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya sun fi haɗuwa a kan lalurar, wato gado yana da babban hannu a ciki. Lorna Wing, likita kuma uwar wata mai otizim, ita ta nuna wa duniya cewa abin mataki-mataki ne, a rubuce-rubucenta na 1979 da 1981.

Da uwa ta kuɓuta sai aka koma kan allura. A 1998 wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya danganta otizim da rigakafin ƙyanda bisa binciken yara 12 kacal. A 2010 mujallar da ta buga aikin ta janye shi, aka kuma ƙwace lasisinsa, manyan bincike a kan dubban ɗaruruwan yara ba su ga wata alaƙa ba, amma har yau maganar tana yawo a wayoyin mutane.

A nan Afirka kuwa an daɗe ana cewa wannan ciwon Turawa ne. A 1978 Victor Lotter ya wallafa sakamakon zagayen da ya yi a wasu ƙasashen Afirka har da Nijeriya, ya tabbatar da cewa akwai yaran a nan ma. Mu namu masu laifin daban ne: kishiya, da sammu, da aljanin da uwa ta gamu da shi don ta yi wanka da magariba. Doka ma ba ta taimaka ba, domin dokar mahaukata ta Turawa ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ita ta ci gaba da aiki har sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023. Kuma ba mu manta da 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura da cikin birnin Katsina, aka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa. Wannan ya nuna inda iyali suke kai wanda suka kasa fahimta, ko mene ne asalin damuwarsa.

BAKIN BAHAUSHE DA KUNNEN MAI OTIZIM

Akwai abin da na lura da shi wanda ya bambanta mu da Turawa. A wurinsu, babbar alamar da ke fara tona yaro ita ce ƙin kallon idon mutane. Mu kuwa sunkuyar da kai ladabi ne, yarinya mai shiru-shiru kuma ai kunya ce da ita, sai yabo. Saboda haka al'adarmu tana rufa wa wannan asiri, musamman ga mata, har sai an kai yarinya gidan miji ko gidan aikatau sannan a fara cewa muguwa ce, ba ta son mutane.

Amma abin da al'ada ta bayar da hannun dama, ta karɓe da na hagu. Bahaushe ba ya yafe rashin gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, ya muka ji da zafi, duk sai ka bi su, kuma da fuska a sake. Ma'aikacin da ya wuce kai tsaye zuwa teburinsa, ba ya zuwa suna, ba ya sa hannu a tiren abincin da aka taru a kai saboda hayaniya ta fi ƙarfinsa, to ya gama yawo, ko da aikinsa ya fi na kowa kyau. Sannan ga harshen namu kansa, cike yake da gatse da habaici da shaguɓe da kara. Muna cewa "to" muna nufin a'a. Muna cewa "ina zuwa" alhali tafiya za mu yi. Uwa tana ce wa ɗa "fasa shi mana" tana nufin ya ajiye. Mai otizim kuwa sau da yawa magana yadda ta fito haka yake ɗaukar ta.

Na ga wannan da idona a kan ɗan wani maƙwabcinmu, wanda likita a Kano ya tabbatar wa iyayensa da lalurar tun yana firamare. Da ya gama sakandare aka samar masa aiki a wani kantin kayan masarufi a kan hanyar makarantun nan. Cikin wata biyu ya haddace farashin komai da ranar da kowane kaya zai lalace, yana kuma da ɗan littafinsa da yake rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, ba wanda ya sa shi. Ran nan wata mata ta ɗauki madarar gwangwani, sai ya ce mata, "Hajiya, wannan kwananta ya ƙare tun ranar Talata." Matar ta ajiye ta fita. Mai kanti ya fusata, ya ce masa, "Madalla, sannu da ƙoƙari! Ai sai ka kwashe su duka ka kai bola." Yaro ya jira maigida ya fita sallah, ya kwashi katan uku ya kai bola. Da aka titsiye shi abin da kawai yake maimaitawa shi ne, "Alhaji, kai ka ce in kai." Wannan amsar aka ɗauka a matsayin rashin kunya. Sauran yaran shagon, waɗanda dama littafin nan nasa ya tsone musu ido, suka ga faɗuwa ta zo daidai da zama, duk giɓin da aka samu a watan suka jingina masa. Bai iya rantse-rantse ba, bai iya kuka a gaban mutane ba, ya tsaya ƙiƙam yana kallon ƙasa, aka ce ai ga alamar marar gaskiya nan. Mahaifinsa ya je ya ba da haƙuri ya biya kuɗin madara. Yanzu yana wurin kawunsa mai sayar da hatsi, shi ke riƙe da lissafin buhuna, kawun kuma ya ce tun da ya zo ko tiya ɗaya ba ta ɓace ba.

Masana sun auna irin wannan. A 2012 Damian Milton, malamin jami'a a Ingila wanda shi kansa yake da otizim, ya ce rashin fahimtar ta ɓangare biyu ce: yadda mai otizim ba ya gane mu, haka mu ma ba ma gane shi, sai dai da yake mu ne masu rinjaye, shi ake bari da laifin. A 2020 masu bincike a Jami'ar Edinbara suka gwada maganar da mutum 72. Suka jera su layi-layi, a ba na farko labari ya gaya wa na biyu, har ya kai ga na takwas. Layin masu otizim zalla ya isar da labarin daidai da layin waɗanda ba su da shi. Layin da aka gauraya ne labarin ya fi zubewa a hanya. Wani binciken na 2017 a Jihar Tekzas ya nuna cewa mutane suna yanke wa mai otizim mummunan hukunci cikin 'yan daƙiƙoƙi idan sun ga hotonsa ko sun ji muryarsa, amma idan rubutaccen abin da ya faɗa kawai aka ba su, bambancin sai ya ɓace. To ina amfanin intabiyun minti goma ga irin wannan mutum?

WAƊANDA SUKA BUƊE ƘOFA

Makiyayanmu za su ji daɗin labarin Temple Grandin, 'yar Amurka da aka haifa a 1947, wadda ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara 3. Da ta shiga aikin shanu, maza sun yi mata wulaƙanci iri-iri don ta gudu. Ita kuwa sai ta riƙa shiga cikin lungun da ake kora shanu, tana duƙawa daidai tsayin idonsu, ta gano abin da ke sa su turjewa: inuwa a ƙasa, sarƙa mai lilo, riga a rataye a shinge. Abubuwan da kowa ke wucewa bai gani ba, ita su ke fara shigar mata ido. Ta zana hanyoyin shanu masu lanƙwasa waɗanda manyan mayankan Amurka suka runguma, ta zama farfesa a Jami'ar Jihar Kolorado. Ta sha faɗa cewa zanenta take shimfiɗawa a kan tebur ya yi magana a madadinta, da haka take samun kwangila.

A Denmak, Thorkil Sonne, uban wani yaro mai otizim, ya kafa kamfanin Specialisterne a 2004 don ɗaukar irinsu aikin gwajin manhajar kwamfuta. Kamfanin SAP ya fara irin wannan shiri a 2013, Microsoft a 2015. A Ingila wata mai karatun lauya, Terri Brookes, ta nemi aikin gwamnati, ta roƙi a bar ta ta amsa jarrabawa da gajeren bayani maimakon zaɓi-ka-cika, aka ƙi, ta kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ma'aikata ta ba ta gaskiya a 2017. Duk da haka, rahoton gwamnatin Birtaniya na 2024 ya ce cikin masu otizim 10 da suka isa aiki, kusan 3 ne kawai suke da aikin yi. Idan ƙasar da ta yi musu doka ta musamman tun 2009 haka take, sai mu auna namu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara don wannan lalura, an fara a 2008. A irin wannan rana a 2025 aka baje zanen wani yaro ɗan Nijeriya mai otizim, Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, a Dandalin Eagle na Abuja, zanen da ya haura murabba'in mita 12,000 ya kuma shiga kundin Guinness. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma tanadi tarar Naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna bambanci, mutum ɗaya kuma Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. Doka ta yi kyau a takarda. Amma idan aka tashi cike gurbin, sanda da keken guragu ake nema, domin su ido ke gani. Wanda ba shi da sarki a zamanin En'e, har yau yana bayan layi.

MU DAWO GIDA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum 1 cikin 127 yana da otizim. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Ɓatagarawa mutum sama da 180,000. Idan ka auna da wancan ma'auni, kana maganar mutum sama da 1,400 ke nan tun a wancan lokacin, tsakanin Ɓatagarawa da Ajiwa da ƙauyukan da ke kewaye. Suna nan a cikinmu, a gareji da shagon tela da ofishin ƙaramar hukuma, akasarinsu ba wanda ya taɓa gaya musu sunan abin da ke tare da su, sunan da muka raɗa musu kawai suka sani.

Abin da tarihin nan ya nuna bai fi ƙarfin kowane maigida ba, kuma ba ya cin kuɗi. Idan kana da irin wannan yaro a ƙarƙashinka, faɗa masa abin da kake so da baƙar magana a fili, ka bar gatse a gida. Idan aikin da yawa, rubuta masa ɗaya bayan ɗaya. Idan za a sauya tsari, sanar da shi tun da wuri. Nisanta shi da bakin janareta da tsakiyar hayaniya. Idan za ka ɗauke shi aiki, ba shi aikin ya gwada na kwana biyu ka gani, maimakon ka auna shi da iya zance. Idan ya yi kuskure gaya masa kuskuren, domin lalura ba ta hana gyara, kuma shi ma yana son ya gyaru. Uwa-uba, ranar da wani abu ya ɓata a wurin aiki, kada ka fara da wanda ya fi kowa shiru don kawai bai iya kare kansa ba, a buɗe littafi a bi lissafi. Iyaye kuma da suka ga alamun nan ga ɗansu, su kai shi wurin likitan yara ko na ƙwaƙwalwa tun da sauran lokaci, su kuma kula da abin da yake so su gina masa sana'a a kai, kamar yadda manomin can ya yi wa Donald da kunyoyin masara.

Ina fata masu karatu da suke da irin waɗannan 'yan'uwa, ko su kansu abin ya shafa, za su gaya mana yadda suka kwashe a wuraren aikinsu, domin ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani. Allah Ya ba mu ikon yi wa na ƙasa da mu adalci. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.